Taƙaitawa: rage harajin mai sana'ar kansa a Kano

Jama'a, an tattauna kan yadda mai sana'ar kansa a Kano zai rage harajin da yake biya. Ga abin da na tsamo daga tattaunawar:

1. An yi ittifaƙi cewa riba ake yi wa haraji, ba ciniki ba. Daga kuɗin ciniki a cire hayar shago, albashin yaran shago, kuɗin wuta, man janareta da dakon kaya.

2. Duk abin da ba rasit, jami'in KIRS (hukumar tattara haraji ta jihar Kano) na iya ƙin cire shi. A kasuwannin Kwari da Singa da yawa cinikin baki ake yi, don haka a biya ta banki, a raba asusun shago da na cefane.

3. Janareta ko keken ɗinki ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, kashi-kashi ake yi.

4. Tun Janairun 2026, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji. Mai zaman haya yana cire kashi 20 cikin ɗari na hayar gidansa, iyakarsa naira 500,000.

Inda aka rabu shi ne motar da ke kai kaya kuma take kai yara makaranta. Wasu sun ce a cire kason sana'a kawai, da littafin tafiye-tafiye. Wasu sun ce a bar ta, wahalar ta fi ribar. Na fi karkata ga na farko.

A miƙa bayanan haraji ga KIRS kafin 31 ga Maris na kowace shekara.