Abin da aka ce kan fina-finan jaruman littattafan zane

1. Kan tambayar wanne ne ya fi kyau a cikin irin waɗannan fina-finai, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun sa The Dark Knight na 2008 a kan gaba, musamman saboda rawar da Heath Ledger ya taka a matsayin Joker, mugun fim ɗin, wadda ta sa aka ba shi kyautar Oscar bayan rasuwarsa.

2. Mai son labari mai sosa rai, an ba shi shawarar ya nemi Logan na 2017.

3. Kan Avengers: Endgame na 2019 ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun yaba girmansa, wasu kuwa suka ce wanda bai kalli fina-finan kamfanin Marvel da suka gabace shi ba zai sha wahalar fahimtarsa, kuma a ganina hujjar waɗannan ta fi ƙarfi.