Ƙanwata ta daina fita saboda firgici: asibitin gwamnati ko zama ta bidiyo?

Abban Khadija: Assalamu alaikum. Ƙanwata, ɗaliba a Kano, tana fama da firgici mai zuwa kwatsam: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto mata, ta ji kamar ranta zai fita, sai ya lafa bayan 'yan mintoci. A cikin adaidaita sahu ya fara kama ta, yanzu ta ajiye karatu, ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da rakiya. An auna zuciya, an gwada jini, duk lafiya, an kuma yi ruƙiyya. Shin in lallaɓa ta zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, ko in biya masanin halayyar ɗan Adam da zai riƙa zama da ita ta bidiyo, tunda fitar ce matsalar?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a fara duba zuciyarta, sannan a nemi malami ya yi mata ruƙiyya.

Maman Hanif: Allah ya ba ta lafiya. Ni na ɗanɗana wannan ciwo bayan haihuwata ta biyu. Wani mai kemis ya ba ni diazepam, maganin kwantar da hankali, ba tare da takardar likita ba, na ji daɗinsa ƙwarai da farko, amma daga baya ko gidan biki ba na shiga sai na haɗiye shi a ɓoye cikin banɗaki, ƙwaya ɗaya kuma ta daina isata. Ranar da na yanke shi gaba ɗaya jikina ya kama rawa, barci ya ƙaurace mini, dangin miji suka ce aljanu ne, kishiyata ta yi ta yayata cewa na haukace. Sai da likita ya rage mini shi sannu a hankali kafin na rabu da shi, auren kuwa bai kai ko'ina ba.

Ummu Sadiq: Innalillahi. Hajiya, yaran suna hannunki kuwa?

Maman Hanif: Ƙaramin kawai suka bar mini.

Nas Bilkisu: Yaya, abin da aka fi dogara da shi shi ne zaman da ake kira CBT, inda ake koya wa mutum cewa firgicin, duk da tsananinsa, yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 ya sauka, sannan a riƙa fitar da shi mataki-mataki: yau zaure, gobe bakin layi, har ya shiga mota ya zauna bai gudu ba. Likita kan haɗa da magani irin su sertraline, wanda sai ya yi makonni 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, wani lokaci ma fargabar takan ɗan ƙaru da farko. Ana iya farawa ta bidiyo, amma dole a kai ga fitar.

Ɗanjuma: Ni naira dubu 15 na riƙa biya kowane zama ta bidiyo.

Ummu Sadiq: A ina? Mu dubu 40 aka ce mana a Abuja, shi ya sa muka koma asibitin gwamnati, inda kati da magani ba su kai dubu 10 ba.

Malam Sabo: Da girmamawa, nas ba likita ba ce. Wadda ta sha ciwon ta fi cancanta a saurare ta.

Nas Bilkisu: Malam, wadda ta sha ciwon ma hannun likita ta koma.

Ɗanjuma: Ni kam duk wanda ya shiga Kantin Kwari ana jajiberin salla bai firgita ba, shi ya kamata a duba.

Abban Khadija: Na gode. Har yanzu ina son jin wanda ya gwada bidiyon ya kai ga fita. Ɗanjuma, kai fa?

Maman Hanif: Abin da ke ci mini rai shi ne, tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma a unguwarmu da an ji yarinya ta je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, shi ke nan, manema sun watse.

Ummu Sadiq: Haka aka yi wa 'yar maƙwabciyata, an sa rana aka zo aka karɓe lefe, don kawai wata ta gan ta a layin ganin likita.