Neman sunan Hausa: zafin da ke kayar da mutum da hanyoyin sanyaya shi

1/ 'Yan uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas, a taimaka. Muna haɗa takardar faɗakarwa don masu dako da 'yan ga-ruwa, sai muka cije a kan sunan Hausa da za mu ba abin da likitoci ke kira heatstroke: zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum ya rikice, ya shiga sambatu ko ya faɗi sumamme.

2/ Wani dattijo ya ce a sa "zazzaɓin rana". Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Da an ce zazzaɓi, hannu zai tafi ga farasitamol, alhali ba ya sauke irin wannan zafi, yana ma iya ƙara wa hanta wahala. "Bugun rana" ya fi, amma mai aikin gidan burodi ko cikin kwantena a Apapa yana kamuwa rana ba ta taɓa shi ba. Don haka na tsaya a kan "bugun zafi".

3/ Sai maganin. Wanda ya fi sauri shi ne a sa mutum cikin ruwan ƙanƙara har wuya, ana motsa ruwan, wani na riƙe da kansa. Ana so zafin ya sauko kusan digiri 39 cikin minti 30, sannan a fitar da shi. Wajen sa wa hanyar suna, an kawo "nutsarwa". A'a, wani zai danna har kai. An kawo "jiƙo", kowa ya yi dariya, don sai ka ce sassaƙe za a sha. "Tsomawa" ce daidai: abin da aka tsoma ana riƙe da shi, kuma za a cire shi. Inda babu baho, tamfol ya isa. A kwantar da mutumin a kai, mutum huɗu su ɗaga gefuna, a zuba ruwa da ƙanƙarar masu sayar da lemo.

4/ Hanya ta biyu ba ta ba mu wahala ba: "yayyafi da fifita". A tuɓe masa kaya masu nauyi, a yayyafa ruwa, a sa fanka, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa idan iska na kaɗa ta. Da wannan dabara aka ƙera gadon sanyaya alhazai a Makka wajen 1980. Sai dai iskar Makka busasshiya ce, ta Legas kuwa jiƙe take da laima, gumi ma ba ya bushewa. A nan fifita taimako ce kawai, tsomawa ce gaba.

5/ Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a ƙara wannan, kuma ta yi gaskiya: a fara sanyayawa nan take, a kira lambar gaggawa 112 ko 767 ana cikin yi. Wanda ya san cunkoson Oshodi ya san dalili. Kuma kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki.

6/ Saura ɗaya. Ƙanƙarar da ake naɗewa a tsumma a sa a wuya, hammata da matsematsi, me za mu ce mata? Wasu na cewa "gashin ƙanƙara", ni kuwa ina tsoron a ji "gashi" a ɗora tukunya a wuta. Na rubuta "ɗaurin ƙanƙara" da fensir. Hajiya, ke da kika yi aikin asibiti, me kuke cewa a can?