Birkin tirelata yana kamawa yana saki, ga lodi ranar Asabar, a taimaka

Mai Dankali: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin wayar mota ku taimaka mini, hankalina a tashe yake. Ina da Hilux, da ita nake ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, wani in sauke a Farin Gada, wani in wuce da shi Abuja. Bara da harka ta ɗan buɗe, mijin yayata ya ce yana da ƙaramar tirela irin wadda ake ja a bayan mota, da ta zo daga Amurka cikin kwantena, tana ajiye a bayan gidansa rana na dukanta. Da farko kyauta ya ce, daga baya manyan 'ya'yansa suka sa baki aka yanka kuɗi. Har yanzu ban gama biya ba, kuma ba na so maganar ta kai kunnen Yaya don ba ta da lafiya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce in mayar da ita.

Birkin lantarki gare ta, shi ne aka sa mini 'yar na'ura mai sarrafa birkin tirelar a ƙarƙashin sitiyari. A tsaye lafiya lau. Da na hau hanya na faɗa rami, ko aka yi ruwa, sai na'urar ta rubuta n.c., birkin tirela ya ɗauke, in ji lodi yana turo ni. Wani lokaci kuma in babu kaya, ina taɓa birki tayoyin su ƙame su ja ƙasa. An canja fiyus. Asabar ina da lodin Abuja, kun dai san Hawan Kibo.

Ɗan Apo: Wa alaikumus salam. Na'urar ce ta mutu Alhaji. Cire ta ka sayi wata.

Injiniya: Ba ta mutu ba. Matacciyar na'ura ba ta rubutu. Wannan n.c. cewa take yi ba ta ganin tirela, wato layin ya yanke a wani wuri tsakaninta da maganaɗisun da ke cikin tayoyi masu kama birki. Malam, ba ka faɗa mana komai ba. Taya biyu ce ko huɗu? Wa ya haɗa wayar? Wane irin soket ne a bayan motar? In ka taka birki da dare, fitilun tirelar suna dushewa?

Mai Dankali: Taya huɗu ce. Yarona ne ya haɗa, rewaya ne a Dilimi, tun ina da Starlet shi ke mini aiki. Fitilu kam suna ɗan dushewa, tirafiketa ma wani lokaci duka biyun ke kamawa, amma wannan ai tsohon abu ne.

Injiniya: Wannan da ka kira tsohon abu shi ne ciwon. Wayar negatif ce. Na'urar nan wayoyi huɗu gare ta: baƙa zuwa batir, ja zuwa makunnin fitilar birki, shuɗiya zuwa birkin tirela, fara zuwa negatif ɗin batir. A tirelar ma dole farar waya ta fito daga filogi a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare fenti da tsatsa. In ba a yi haka ba, wuta za ta riƙa komawa ta ƙwallon da ke jan tirelar. A tsaye ƙarfe na kan ƙarfe, komai daidai. Da ka faɗa rami ya motsa, ga giris ga tsatsa a tsakani, layi ya yanke. Ka sa a ja sabuwar farar waya mai kauri, an gama.

Tsohon Direba: Ɗana, ni ban san lantarki ba, hanya na sani. Mai saukar Hawan Kibo da birki kaɗai yana neman magana, ko da tirela ko babu. Tun daga sama ka sa giya biyu ka bar inji ya riƙe. Yaran yanzu sai su saki mota a firi wai suna tattalin mai. Na sha ganin mota kwance a kwanar nan, kaya a warwatse, mutanen ƙauye na taya tsincewa. Da can sai ka yi shekaru kana yaron mota kafin a ba ka sitiyari. Yanzu kowa ya samu lasisi ya zama direba.

Mai Dankali: Na gode Baba, da giya nake sauka kullum. Injiniya, da girmamawa, ban yarda yarona zai manta da negatif ba. Abin da na sani dai filogin da ya zo da tirelar bai shiga soket ɗin motar ba, sai ya yanke shi ya sa mai zagaye irin wanda ake samu a nan, ya haɗa kala da kala. Aiki mai tsabta ya yi, har da tef.

Injiniya: Innalillahi. Me ya sa ba ka fara da wannan ba? Filogin Amurka mai baki bakwai daban, na Turai mai zagaye daban, duk da shi ma bakwai ne. A na Amurka shuɗiyar waya birki ce. A na Turai shuɗiya fitilar hazo ce, babu ma gurbin birkin lantarki a cikinsa. Kala da kala ba ya aiki a nan sai an bi kowace waya da mitar auna lantarki an ga inda ta nufa. Kuma maganaɗisu ɗaya yana jan kusan amfiya 3, huɗu kusan 12 ke nan, siririyar wayar fitila ba za ta ɗauka ba. Ga abin da za a yi. A cire filogi, a sa mita tsakanin shuɗiya da fara ta ɓangaren tirela. Kowane maganaɗisu om 3 zuwa 4 ne, huɗun a haɗe su ba da wajen om 1. In mita ta nuna kusan 2, biyu kaɗai ke aiki. In tana rawa yayin da ake girgiza waya, ga yankewar nan. A duba inda waya ke ratsa cikin ƙarfen da ke haɗa tayoyi, nan take gogewa ta fere. Sannan a ɗaga taya da jak, a juya ta, wani ya ja hannun na'urar, wanda ke kama birkin tirela ba tare da an taka birki ba. Wadda ba ta tsaya ba, a buɗe ta.

Maman Yara: Ni dai masu wayar nan sun ishe ni. Na kai motata gyaran gilashin ƙofa, na dawo hon ba ya yi, iyakwandishan ya ɗauke, aka ce wai dama haka take. Kuɗi na biya sau biyu. Allah Ya isa kawai.

Ɗan Apo: Duk wannan dogon lissafi ne. A nan abin da muke yi, a jona shuɗiyar kai tsaye da fitilar birki, ka taka ta kama. Babu na'ura babu ciwon kai.

Injiniya: Kada ka kuskura. Wuta gaba ɗaya za ta tafi ko ɗan taɓawa ka yi, tayoyi su ƙame, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tirela ta juyo ta daki motar. In fiyus ya ƙone kuma ka rasa birkin tirela da fitilar birki lokaci guda. Amfanin na'urar ke nan, ta auna yawan wutar.

Ɗan Apo: Mun yi wa mutane da yawa, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Baban Biyu: Ƙamewar da take yi in babu kaya fa, ba wanda ya taɓo ta. Alhaji, a lamba nawa ka bar ƙarfin na'urar?

Mai Dankali: A ƙarshe take. Ni na sa ta haka da gangan saboda gangara, gara ya yi yawa da ya gaza.

Baban Biyu: To ai shi ya sa. Da kaya a ƙara, babu kaya a rage. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya, kana tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a awa, ka ja hannun. In taya ta ja ƙasa ka rage kaɗan har ta daina.

Injiniya: Saiti ba zai gyara yankakkiyar waya ba. A fara aunawa. Kuma Malam, tirelar da ba ta da birki iyakarta kilo 750 a bayan Hilux, ita da kayanta. Mai taya huɗu ko babu kaya ta ci kaso mai yawa a ciki. In ba a gyara kafin Asabar ba, ajiye ta ka yi sawu biyu.

Mai Dankali: Sawu biyu da kuɗin mai na yanzu? Ribar ta tafi ke nan. Kuma na riga na karɓi kafin alƙalami a hannun mai kayan. Ba zan iya kai motar wurin wani ba, yarona zai ji babu daɗi, mahaifinsa abokin marigayi babanmu ne. Zan dai nuna masa abin da kuka rubuta. Ni har yanzu zuciyata ta fi karkata ga na'urar, don ta hannu na saya.

Tsohon Direba: Rage lodin ɗana. Ka tashi da asuba kafin manyan motoci su cika hanya.

Injiniya: An auna ko ba a auna ba? Lamba nawa mita ta nuna?

Mai Dankali: Ruwa ake yi tun azahar, bai fito shago ba. Ya ce a waya shi ma fiyus yake zargi. Gobe in Allah Ya kai mu.

Ɗan Mararaba: Injiniya, afuwan na shigo tsakiya. Tawa kuma SH take rubutawa da na taka birki, a tsaye ma haka. Ita ma farar wayar ce?