Auna Ƙarfin Ɗakin Zuciya na Dama: Abin da Likitoci Suka Ba da Shawara

Likitocin da suka tattauna batun a Kumasi sun amince a fara da eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, domin yana da araha kuma ana yin sa a bakin gadon majinyaci. Sai dai ɗakin ƙasa na dama na zuciya yana ɓoye bayan ƙashin ƙirji, siffarsa kamar jinjirin wata, saboda haka awon TAPSE kaɗai (nisan da ƙofar shigar jini ta ɗakin ke motsawa a duk bugun zuciya, kamar yadda eko ke nunawa), wanda ke nuna rauni idan ya gaza milimita 17, bai isa yanke hukunci ba. MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi daidaito wajen auna jinin da ɗakin ke turawa huhu, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mutanen Zango. CT kuwa, wato hoton cikin jiki na X-ray da kwamfuta ke haɗawa, a bar wa wanda MRI bai dace da shi ba, bayan an duba lafiyar ƙodarsa.