Rijiyoyin Teku na Akwa Ibom: Fanko Aka Sayar Mana, Ko da Sauran Mai?

Ɗan Bauchi: Assalamu alaikum jama'a. Maganar jiya ba a gama ta ba, kuma ina nan a kan bakana. Rijiyoyin man da ke cikin teku a gaɓar Akwa Ibom sun ƙare. Tun 1970 kamfanin Mobil, wanda daga baya ya zama ExxonMobil, ke zuƙar su. Da akwai sauran alheri a ciki, ExxonMobil ba za ta sallama wa kamfanin Najeriya Seplat su a kan dala biliyan 1.28 ba. Duk kuɗin da za a zuba wajen farfaɗo da su asara ne. Gara a kai shi Kolmani, filin man da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda Buhari ya ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022, amma har yau ba mu ji an kai ganga ɗaya kasuwa ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Injiniya, kai ka ci gumin wannan aiki, bismillah.

Injiniya: Ƙanena, kalmar "ƙarewa" ita ce ban yarda da ita ba. Mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa da za a zura bututu a shanye. Yana maƙale ne a cikin ƴan ramukan dutse. Da farko matsin da ke ƙasa ne ke turo shi sama da kansa, idan matsin ya yi sanyi sai rijiya ta yi kasala, alhali yawancin man yana nan. A duniya gaba ɗaya, abin da ake iya fitarwa daga filin mai bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ka san mai ƙuli-ƙuli idan ta matse tunkuza sau ɗaya ba ta zubar da ita, takan yayyafa ruwan zafi ta ƙara murzawa, wani man ya sake fitowa. To kusan haka muke yi. A tura ruwa ta wata rijiya ya koro man zuwa wata, ko a hura iskar gas cikin bututun don man ya yi sauƙin hawowa, ko a shiga tsohuwar rijiya a karkata haƙan gefe zuwa wani aljihu da ba a taɓa ba.

Auta: Baba Injiniya, a aji an ba mu labarin Ekofisk. Ya dace da nan?

Injiniya: Sosai kuwa. Ekofisk yana Tekun Arewa, ɓangaren Norway. Kamfanin Phillips ya gano shi a 1969, aka fara fitar da mai a 1971. A lokacin lissafinsu shi ne za su samu kashi 17 ko 18 cikin ɗari na man da ke ciki. A 1987 suka fara tura ruwa. Yanzu ana maganar sama da kashi 50, kuma lasisin filin ya kai 2048. Ka duba, fili ɗaya ne, dutse ɗaya ne, amma abin da za a ci a ciki ya kusa ninkawa sau uku.

Ɗan Bauchi: Wannan Norway ce, Injiniya. Mutanen da suke ajiye kuɗin mai a asusu don jikokinsu. Ka amsa min tambayata: idan da riba, me ya kori ExxonMobil?

Hajiya Akanta: Bari in shigo nan, ɗana, don wannan fagena ne. ExxonMobil ba ta bar Najeriya ba, ta riƙe filayenta na can tsakiyar teku mai zurfi irin su Erha. Abin da ta sayar na ruwa marar zurfi ne. Babban kamfani yana da kuɗi ƙayyadadde da wurare da yawa da zai zuba su. Idan dala ɗaya za ta haifi uku a ƙasar Guyana ta Kudancin Amurka, ta haifi ɗaya da rabi a Akwa Ibom, Guyana zai tafi. Wannan ba ya nufin ɗaya da rabin ba riba ba ce ga wanda ba shi da Guyana. Haka aka yi a Birtaniya: BP ta sayar wa kamfanin Apache filin Forties na Tekun Arewa a 2003 bayan ya yi shekara 28 yana ba da mai, kuma Apache ya fitar da fiye da abin da aka ƙiyasta ya rage lokacin cinikin. Amma kada Injiniya ya ɗauka ina bayansa ɗari bisa ɗari. Zan dawo.

Injiniya: Ina jiran ki, Hajiya. Kafin nan bari in faɗi abin da idona ya gani. Na taɓa sauka a wani ƙaramin dandamali a teku, wato ginin ƙarfe da ake kafawa a kan rijiyoyin mai, ba zan ambaci kamfanin ba. Kawunan rijiyoyi ne jere, fiye da rabinsu a rufe, gishirin teku ya ci fentinsu har lambobin jikinsu ba sa karantuwa, tsuntsaye sun mai da wurin makwanci. Na buɗe tsohon kundin wurin. Wata an rufe ta saboda yashi ya toshe ta, wata bawul ɗin tsaro na cikin rijiyar ne ya lalace, wata injin da ke tura mata gas ne ya mutu aka ce sai kasafin baɗi, baɗin bai zo ba. Ko ɗaya ban ga an rubuta cewa mai ya ƙare ba. Irin waɗannan ne Seplat ta fara bi bayan an kammala cinikin a Disamban 2024, kuma ta ba da sanarwar dawo da gomman rijiyoyi bakin aiki a 2025. Ba sabon haƙa, ba sabon bututu. Gangar da ta fi kowace araha ke nan.

Malam na Eket: Salamu alaikum. Ni ban yi karatun mai ba, busasshen kifi nake saye a Ibeno, can gaɓar tekun Akwa Ibom, ina turawa Arewa. Ku da kuke lissafin ganga, ku saka masunta a lissafin. A Janairun 1998 bututun da ya taso daga dandamalin Idoho ya fashe, ganga wajen 40,000 ta malala a teku, har yau dattawan masunta suna ba da labarin. Lokacin bututan ba su kai tsufan yanzu ba. Idan kun ce za ku ƙara wa rijiya ƙarfi, ta cikin wane bututu man zai bi? Wanda ya yi shekara 40 ko 50 a cikin ruwan gishiri? Ran da mai ya zuba, raga ce ke zuwa baƙa ƙirin, mace mai ƙyafe kifi ta zauna ba ciniki, ni ma motata ta koma ba kaya.

Ɗan Bauchi: Allah Ya biya ka, Malam. Ku tuna Trinity Spirit kuma, tsohon jirgin adana man nan da ya yi bindiga a gaɓar jihar Delta a Fabrairun 2022, aka rasa rayuka. Jirgin ya haura shekara 40.

Injiniya: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba zan kare ta ba. Sai dai ku lura, hujjarku ta sauya. Da cewa aka yi babu mai, yanzu ana cewa ƙarfen ya tsufa. A kan ta biyun ina tare da ku. Farfaɗo da fili na gaske ya haɗa da canza bututu da duba kaurin ƙarfe. Ekofisk ɗin ma ƙasan tekun ne ya riƙa lotsawa saboda man da aka zuƙe, sai da suka yanke ƙafafun dandamalan a 1987 suka ɗaga su mita 6. Wanda zai buɗe rijiya ya ƙi taɓa bututu, wawure ya zo yi.

Hajiya Akanta: To ga inda nake. Kowane fili yana da ranar rufewa, kuma ranar tana da tsada mai ban tsoro. Sai an cushe kowace rijiya da siminti, an kwashe ƙarafan. A 2017 Shell ta yi hayar jirgin Pioneering Spirit ya ɗauke saman dandamalin Brent Delta a Tekun Arewa, tan 24,000 a ɗauka ɗaya, aka kai tudu aka yayyanka. Shell na da aljihun yin haka. Idan babba ya sayar wa ƙarami, wannan nauyin ma ya sayar masa. Shi ma Apache da na yaba ɗazu, a ƙarshen 2024 ya ce zai daina fitar da mai a Tekun Arewa kafin ƙarshen 2029, saboda harajin Birtaniya ya kai kashi 78 ga kuma tsadar gyaran tsofaffin kaya. A nan gida, dokar man fetur ta PIA ta 2021 ta wajabta wa kowane kamfani buɗe asusun rufe rijiyoyi yana zuba kuɗi duk shekara. Abin da nake so NUPRC, hukumar da ke sa ido kan haƙar mai, ta fito ta nuna mana shi ne nawa ke cikin asusun kowane fili. Kuma kada a manta NNPC ke da kashi 60 a filayen nan na Akwa Ibom, wato idan abu ya ɓaci, kason mu ne mafi girma.

Auta: Akwai kuma bambancin dutse. Ekofisk alli ne, babban fili guda. Na Neja Delta yashi ne da ya daskare, tsage-tsage sun raba shi ƙananan aljihuna. Ba lallai dabarar can ta ba da sakamako iri ɗaya a nan ba.

Injiniya: Madalla, Auta. Amma yawan aljihunan nan shi ne ma dalilin da ake barin wasu ba a taɓa ba, sai an sake ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa da na'urorin zamani a gan su.

Ɗan Bauchi: Duk na ji. Amma Kolmani fa? Mu sai yaushe?

Hajiya Akanta: Ba daga tukunya ɗaya ake ɗiba ba. Dokar 2021 ta ware wa binciken sababbin yankuna irin su Kolmani kashi 30 na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga kwangilolin rabon mai. Ka nemi bayanin inda wannan kuɗin ya shiga, ina tare da kai. Amma albashin malaman Bauchi na watan gobe daga kason tarayya zai fito, kuma tsofaffin filayen nan na cikin masu cika shi. Ka tuna 2022, da fitar da manmu ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana.

Ɗan Bauchi: Na janye "ƙarewa". Ban janye cewa za a kwashe mai daɗin a bar mana tsatsa ba.

Malam na Eket: Injiniya, ba ka amsa min ba. Bututun da ya bi ta gaban Ibeno, wa ke auna kaurinsa, kuma a ina masunci zai je ya ga sakamakon?

Injiniya: Kamfani ke aunawa, yana tura na'ura ta cikin bututun, ya kai wa hukuma rahoto. Masunci ba ya ganinsa, Malam, kuma ya kamata ya gani.