Zan iya ɗaura wa Hilux shebur ɗin ture ƙanƙara in riƙa ture yashi da shi?

Direban Mazra'a, Ƙasim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah makanikai da direbobin da ke cikin nan ku bani shawara. Ina aiki a wata gonar dabino a wajen Buraida, a yankin Ƙasim na Saudiyya, daga kwalta zuwa ƙofar gonar akwai hanyar burji kamar kilomita 2, to duk sanda iska ta taso kwana ɗaya biyu sai ka tarar yashi ya kwanta a wurare uku, wani wajen har gwiwa, tankar ruwa bata iya wucewa, ni da yaran gonar mu kwashi shebur tun bayan asuba har rana ta take. Wlh bayana ya fara ciwo.

Shine ɗan kafilina, wato ɗan maigidan da nake yi wa aiki, ya nuna min bidiyo a waya, a Amurka ne, an ɗaura wa akori-kura wani faffaɗan ƙarfe a gaba kamar na katafila tana ture dusar ƙanƙara daga kan titi, tana ɗaga shi tana sauke shi daga cikin mota. Yace ko dai ya yo oda ko mu kai sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu walda, a ƙera mana irinsa a ɗaura wa Hilux ɗin gonar. Motar dizal ce, fowil, giyar hannu, gida biyu. Ni dai abin ya kwanta min a rai don na gaji, amma ina tsoron kar motar ta lalace a hannuna ace ni ne. Akwai wanda ya taɓa yi? A ina ake ɗaure shi, jikin bamba ko ƙasa?

Makanikin Sana'iyya, Jidda:

Wa alaikumussalam ɗan uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Farko dai ba a bamba ake ɗaure shi ba, kar ka bari wani mai walda yace maka zai liƙa a nan, bambar Hilux roba ce da ɗan siririn ƙarfe a bayanta, turawa ɗaya zata naɗe. Waɗanda ka gani a bidiyo akwai wani ƙarfe da ake ɗaurewa da manyan notuna a jikin shasi ta gaba, dama da hagu, shi yake zama a motar kullum, shebur ɗin kuma a saƙala a cire. Kuma kowace mota da nata, kamfanoni irin su Western da Boss da Meyer da Fisher sai ka faɗa musu sunan mota da shekararta su baka wanda ramukansa suka dace. Matsalar ita ce Hilux ba a sayar da ita a Amurka, Tacoma suke da ita, kaga wanda zai yo oda daga can zai sha wahala kafin ya samu mai shiga daidai. A arewacin Turai irin su Finlan ne ake ɗaura wa Hilux.

Amma ni ba wannan ne ya dame ni ba, nauyi ne. Buɗe ƙofar motar ko littafinta ka duba, an rubuta iyakar nauyin da ƙafar gaba zata ɗauka daban da na ƙafar baya. Shebur mai faɗin ƙafa 7 da rabi wanda ake sa wa akori-kura irin su Ford F-150, da famfonsa da maɗaurinsa, zai kai kilo 200 ko ya wuce, kuma ba a kan taya yake zaune ba, can gaba yake rataye, kamar ka riƙe bokitin ruwa ka miƙe hannu, nauyin da kafaɗarka zata ji ya fi na bokitin. Haka yake danne gaba ya ɗaga baya, shi yasa su kansu suke jibga buhunan yashi a bodi bayan tayar baya don motar ta daidaita. Injin dizal dama ya riga ya cinye rabon gaban. Sifirin, shokozoba, boljoyin, tairod, duk zasu fara kuka kafin wata shida, sitiyari yayi nauyi, birki ya canja hali.

Sannan lagireto. Su a cikin sanyin da ruwa ke daskarewa suke aiki, duk da haka in suka ɗaga shebur suka hau titi yana tare iska mota tayi zafi. Kai kuma Ƙasim ce, a watan Yuli zafi na wuce digiri 45, ka tare gaban lagireto da faranti kana tafiyar hawainiya a giya ɗaya injin na gurnani. Gasket zai tafi, ni na faɗa maka.

Abu Shas, Tabuk:

Ustaz makaniki gaskiya ka faɗa amma ka tsorata shi da yawa. Mu nan Tabuk muna ganin ƙanƙarar da idonmu a Jabal Lauz lokacin sanyi, mutane har daga Riyad suke zuwa kallo, saidai bata daɗewa take narkewa ba mai sayen shebur dominta. Amma na yashi na gani an yi. Wani mai raƙuma da na yi wa aiki an ƙera masa a warsha, wato garejin masu walda, aka ɗaura wa shas ɗinsa, yana share gaban garke da shi, kuma motar tana nan tana aiki. Saidai shas Land Cruiser ce, ƙafar gabanta ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ba irin na Hilux mai gaɓoɓi ba, kuma farantin ƙarami ne, sama sama yake ɗiba. Inaga in aka yi mara nauyi kuma bai cika masa ciki ba zai ɗan yi.

Baba Mai Shiyul, Riyad:

Yarona, ni shekara 26 ina kan shiyul, wato katafilar nan mai bokiti a gaba da ke kwasar ƙasa, tun ina Sudan wajen Sinnar kafin in hauro nan, yashi kuma babu irin wanda ban tura ba. Ka saurare ni da kyau.

Abin da ɗan kafilinka bai lura da shi a bidiyon ba shine ƙanƙara da yashi ba abu ɗaya bane ko kusa. Sabuwar dusar ƙanƙara yawancinta iska ce, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi bata fi kilo 100 da wani abu ba, in ta jiƙe ta ƙaru. Busasshen yashi mita ɗaya irin wannan kilo 1,500 ne zuwa 1,600. Ya ninka fiye da sau goma. Kuma ita ƙanƙara santsi gareta, tana naɗewa a jikin farantin ta zame gefe, ƙasanta kwalta ce mai tauri taya na samun abin kamawa. Yashi baya naɗewa, taruwa yake a gaba yana ƙara nauyi, ka tura mita uku ka ji mota ta tsaya cak, ka ƙara wuta tayoyin su tona rami ta zauna a kan cikinta. Daga nan sai warin kuloci. Na tsaya a kan wata akori-kura da aka yi wa haka a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, da muka leƙa ƙasa ƙahon shasin na dama ya lanƙwashe ya shigo ciki kamar yatsa biyu, fentin wajen ya tsage ya bare, mai walda ya ƙona ƙarfen wajen liƙi shine ya fara tsagewa daga nan. Motar har aka sayar da ita a karkace take tafiya.

Wani abu kuma, shebur ɗin asali yana da sifirin da in bakinsa ya daki dutse ko bakin kwalbati sai ya kife gaba ya dawo, bugun bai isa ga mota ba. Na warsha ba zai zo da wannan ba, duk abin da ka daka shasi ne zai sha, kai ma ƙirjinka ya sha sitiyari. Shi Abu Shas abin da ya gani sharar fili ne, ba tudun da ya kai gwiwa ba.

Ga abin da zaka ce wa kafilinka. Gonar dabino bata rasa tarakta. In akwai, a sayo mata faranti na baya wanda ake ratayawa a hannayenta uku, don wannan aikin aka yi ta, giyarta ƙasa take tayoyinta manya. In babu, a kira shiyul ko ƙaraminsa da ake kira Bobcat ya kwashe tudun nan uku sau ɗaya, kuma ya zubar ta gefen da iska ke tafiya, ba ta inda take fitowa ba, in ba haka ba sati ɗaya zai dawo maka. Bayan nan Hilux ɗin zata iya aikin da ya dace da ita, ka ɗaura guntun ƙarfen gini mai nauyi ko tsofaffin tayoyin tirela uku da sarƙa a baya ka riƙa ja kana bi duk bayan iska tun yashin bai taru ba. Ja ya fi tura sauƙi a wajen mota nesa ba kusa ba.

Kuma wuraren nan uku, je ka tsaya ka duba, zaka ga akwai abin da ke sa iska ta rage gudu a wajen, ko kwana ko gindin tudu ko shinge. Ganyen dabino kuna da shi kamar banza, ku kafa shi layi can nesa da hanyar ta ɓangaren da iskar ke fitowa, yashin zai zube a gindinsa kafin ya iso. In da ruwa ku dasa itacen asal, mutanen Ƙasim sun daɗe suna tare yashi da shi.

Makanikin Sana'iyya, Jidda:

Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya, kar a manta da murur, wato 'yan sandan hanya, da fahas, wato binciken lafiyar mota. Canja fasalin mota ba izini mukhalafa ce, wato karya doka, kuma kai ke riƙe da sitiyari ranar da za a tare ka, in an yi hatsari da ƙarfen nan a gaba ta'amin, wato masu inshora, ma sai sun ja maka rai.

Direban Mazra'a, Ƙasim:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Akwai tsohuwar tarakta Massey Ferguson a bayan sito, batir ne ya mutu da tiyon haidurolik ɗaya da ke yoyo, tun bara ba a tada ta ba. Na karanta wa ɗan kafilin maganar kilo 1,500 ɗin nan yayi shiru, yace gobe bayan la'asar mu je mu dubo farantin baya. Baba wane faɗi zan nema, kuma shingen ganyen dabinon taku nawa zan bari tsakaninsa da hanya?